Me Ke Sa Lasifika Yin Shiru Ana Tsakiyar Biki?

A wannan wata za mu tsaya a kan abin da ya sha haɗa masu biki faɗa da samarinmu masu ba da hayar kayan sauti, tun daga Nima har Aboabo da Tamale. Ana cikin wasan Sallah ko bikin aure, mawaƙi ya ɗau zafi, sai kawai lasifika ta ɗauke. Mai biki ya ce ruɓaɓɓen kaya aka kawo masa, ba zai cika kuɗi ba. Wasu har su ce hannu aka sa. Alhali kuwa sau da yawa zafi ne, ko kuma yadda aka jawo wuta.

Lasifikar da ake yayi yanzu tana ɗauke da amfilifayarta a cikin akwati guda, wato abubuwa biyu masu zafi ne aka haɗa wuri ɗaya. Daga cikin wutar da ke isa ga lasifika, ɗan ƙalilan ne ke zama sauti, sauran duk zafi ne, kuma yana taruwa a wata siririyar wayar jan ƙarfe da aka nannaɗe a bakin maganaɗisu. Kamar yadda muke koya wa yara a aji, jan ƙarfe in ya yi zafi yana ƙara tauye wuta, kimanin kashi 4 cikin 100 a kowane digiri 10. To, a nan ne matsalar take. Waya ta yi zafi, sauti ya ragu, yaron da ke kan na'ura ya ƙara murɗawa, waya ta ƙara zafi. Idan akwatin na kirki ne, zai kashe kansa har ya huce. Idan ba na kirki ba ne, sai a ji ƙauri. Jar fitilar nan da ke bayan akwati ba ado ba ce. In ta tsaya a kunne, a rage.

Mun sha ganin an kafa wa baƙi rumfa, an bar baƙin akwati a tsakar rana, a garin da zafin watan Maris kan kai digiri 40 kamar Tamale. Mun kuma ga an manna bayansa da bango, ko iyayenmu mata sun lulluɓe shi da atamfa don ya dace da adon wuri. Ƙarfen nan mai tsaga-tsaga da ke bayansa ta nan yake fitar da zafi, saboda haka a ba shi inuwa da sarari kamar kamu biyu. Bayan hunturu a kakkaɓe ƙurar da ta toshe fanka. Amma kada a yayyafa masa ruwa ko a ɗora jiƙaƙƙen tsumma.

Sai batun wuta. A nan Gana bolt 230 muke samu, fulogi mai ƙafa uku kuwa fis ɗinsa bai wuce amfiya 13 ba, wato soket ɗaya iyakarsa wajen wat 3,000. Duk da haka sai a jawo waya ɗaya daga ɗakin maƙwabci, a ɗora mata lasifika huɗu, da fitilu, da firizar lemo. Bari mu yi lissafi. Siririyar wayar nan mai araha, ta 0.75, in tsawonta ya kai mita 50 kuma ana jan amfiya 10, kusan bolt 25 ne ke salwanta a hanya, wayar kanta kuma tana fitar da zafin wat 250. In an bar ta a nannaɗe a kan gwangwaninta, robar narkewa za ta yi. A sayi mai kauri, ta 2.5, a kuma warware ta duka. Ta fi tsada, amma ba ta kai kuɗin amfilifaya ɗaya ba.

Tun ɗauke-ɗauken wutar da aka sha a 2015, lokacin dumsor, masu haya da yawa suka koma dogaro da janareta. A samo wanda ƙarfinsa ya zarce abin da za a ja, kuma a raba shi da firiza, domin duk sa'ad da injinta ya tashi sai wuta ta yi ƙasa. A duba mai kafin a fara. Janaretan da mansa ke ƙarewa yakan yi ta shaƙewa, wuta na hawa da sauka, wannan kuwa yana lalata kaya. Kada a zuba masa mai yana aiki. Wajen kunnawa, lasifika ce ta ƙarshe. Wajen kashewa, ita ce ta farko.

Akwai abu guda da ba ma son a yi mana gardama a kansa. Wasu kan karya doguwar ƙafar fulogi, ko su cire wayarta, wai don su kashe gunjin da ke fita a lasifika. Wannan ƙafar ita ce ke kai wuta ƙasa in wani abu ya lalace a cikin akwati. Idan babu ita, wutar za ta iya bin waya har zuwa makirufo, mai riƙe da shi kuwa yana tsaye da gumi a hannu, wani lokaci ma ba takalmi.