Kujerar Yobe ta Arewa da Ƙaryar "Harkar Cikin Gida"

Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 6 ga Fabrairu, 2023, wanda ya damƙa wa Sanata Ahmad Lawan tikitin jam'iyyar APC na kujerar sanatan Yobe ta Arewa, ya ba manyan 'yan siyasar ƙasar nan abin da suka daɗe suna nema, wato hujjar ci gaba da cewa zaɓen fidda gwani harkar cikin gida ce ta jam'iyya, kuma babu ruwan kowa da wanda shugabanninta suka ga damar tsayarwa. Wannan magana ta zama ruwan dare a bakin shugabannin jam'iyyu da lauyoyinsu da masu fashin baƙi a gidajen rediyo, har ta kai talakan da aka cuta da ita yana maimaita ta da bakinsa, yana cewa ai manya sun daidaita. Magana ce marar tushe, kuma abin da ya faru a Yobe ta Arewa ya isa ya tona ɓarnar da ke ƙunshe a cikinta.

Zaɓen fidda gwani, wato zaɓen da jam'iyya ke yi a tsakanin 'ya'yanta domin fitar da mutum ɗaya da zai riƙe mata tuta a babban zaɓe, da zai iya zama harkar cikin gida in da ɗan ƙasa yana da wata ƙofar shiga majalisa bayan ta jam'iyya. Sashe na 65 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya toshe wannan ƙofa, domin ya shardanta cewa duk mai neman kujerar Majalisar Tarayya sai ya kasance ɗan wata jam'iyya, kuma sai jam'iyyar ce ta tsayar da shi. Tun da doka ta mayar da jam'iyya ƙofa ɗaya tilo, abin da ake yi a bakin wannan ƙofa ya zama hakkin jama'a baki ɗaya, da mai katin jam'iyya da marar shi. Lamarin ya fi tsanani a jiha irin Yobe, inda tun 1999 gida ɗaya ne ke riƙe da gwamnati, daga APP zuwa ANPP zuwa APC, ba tare da PDP ta taɓa cin kujerar gwamna ba. A irin wannan wuri ranar fidda gwani ita ce ranar zaɓe ta haƙiƙa, kuma wanda ya ƙwace tikiti ya riga ya yi nisa wajen ƙwace wakilcin mutanen Bade da Jakusko da Karasuwa da Machina da Nguru da Yusufari.

Ranar 28 ga Mayu, 2022, daliget, wato wakilan da mazaɓu ke turowa su kaɗa ƙuri'a a madadin sauran 'yan jam'iyya, sun taru a gaban jami'an Hukumar Zaɓe, suka ba Bashir Sheriff Machina ƙuri'a 289, ba tare da wani ya ja da shi ba. Sunan Ahmad Lawan ba ya cikin masu neman kujerar a wannan rana, saboda idonsa yana kan fadar shugaban ƙasa, takarar da fom ɗinta kaɗai ya kai naira miliyan 100. A Abuja ne shugaban jam'iyyar na ƙasa, Sanata Abdullahi Adamu, ya sanar ana gab da babban taro cewa Lawan ne ɗan takarar maslaha, gwamnonin Arewa na APC suka ƙi amincewa, aka shiga Dandalin Eagle aka ƙirga ƙuri'a, Bola Tinubu ya samu 1,271, Lawan ya tashi da 152. Sai bayan wannan kaye ne aka ji labarin wai an yi wani sabon zaɓen fidda gwani na Yobe ta Arewa ranar 9 ga Yuni, zaɓen da Hukumar Zaɓe ba ta sa ido a kansa ba, kuma daga nan ne uwar jam'iyya ta miƙa sunan Lawan. Hausawa suna da sunan wannan aiki tun kafin lauyoyi su ƙirƙiro masa dogon bayani, suna kiransa ɗauki-ɗora.

Abin da ya ƙara wa lamarin muni shi ne dokar da aka tattake ta fito ne daga zauren da Lawan da kansa yake shugabanta a lokacin. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 25 ga Fabrairu, 2022, ta wajabta wa jam'iyya ta sanar da Hukumar Zaɓe kwana 21 kafin duk wani taron fitar da ɗan takara, ta kuma ce hukumar ce za ta sa ido a kan zaɓen. Sashe na 33 ya hana canza ɗan takarar da aka miƙa sunansa sai idan ya mutu ko ya janye da kansa, kuma Machina yana raye, ya kuma rubuta wasiƙa ya bayyana wa duniya cewa bai janye ba. Hatta maslaha, wato daidaitawar da ake yi a fitar da mutum ɗaya ba tare da fafatawa ba, sashe na 84 ya ce ba ta inganta sai duk masu neman kujerar sun amince a rubuce. An rubuta waɗannan sharuɗɗa ne domin a kashe maganar harkar cikin gida, kuma sanatocin da suka ɗaga hannu suka amince da su sun san haka sarai.

Babbar Kotun Tarayya da ke Damaturu, ƙarƙashin Mai Shari'a Fadima Aminu, ta karanta dokar kamar yadda take, ta tabbatar da Machina ranar 28 ga Satumba, 2022, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma ta jaddada wannan hukunci a watan Nuwamba. Da aka je Kotun Ƙoli, alƙalai uku daga cikin biyar, a hukuncin da Mai Shari'a Centus Nweze ya karanta, ba su ce Lawan ya shiga zaɓen 28 ga Mayu ba, ba su kuma ce Machina ya janye ba. Abin da suka riƙa shi ne hanyar da aka bi aka shigar da ƙarar. A tsarin kotuna akwai ƙarar da ake yanke ta bisa takardun rantsuwa da fassarar doka kaɗai, akwai kuma wadda sai an kira shaidu an yi musu tambayoyi, kuma alƙalan masu rinjaye suka ce tun da takardun Machina sun ƙunshi zargin maguɗi, kamata ya yi ya bi hanya ta biyu. Amma ƙa'idojin da ita Babbar Kotun Tarayya ta fitar a 2022 game da ƙararrakin kafin zaɓe sun umarci masu ƙara su bi hanya ta farko, ita ce kuma Machina ya bi. Sashe na 285 na Kundin Tsarin Mulki ya ba mai irin wannan ƙara kwana 14 kacal ya shigar da ita, saboda haka korar ƙarar a watan Fabrairu na nufin ba ta da sauran dawowa har abada. Masu Shari'a Adamu Jauro da Emmanuel Agim sun ƙi bin masu rinjaye, suka tsaya a kan cewa zaɓen 9 ga Yuni bai cika sharuɗɗan doka ba, kuma duk mai son sanin gaskiyar wannan shari'a, hukuncinsu ya kamata ya karanta.

Masu kare Lawan suna yawan tuna wa mutane cewa shi bai ɗaukaka ƙara ba, ya ma fito bayan hukuncin Damaturu ya ce ya karɓi ƙaddara, jam'iyya ce ta ci gaba da shari'ar don kanta. Wannan kariya ba ta cancanci dogon martani ba. Mutumin da ya karɓi ƙaddara da gaske yana da bakin da zai gaya wa jam'iyyarsa ta dakata, kuma yana da hannun da zai mayar da tikitin da aka kawo masa.

Sai kuma hujjar gogewa, wadda ita ce aka fi ruɗar jama'a da ita: wai yanki ba ya yar da sanatan da ya daɗe, domin a majalisa daɗewa ce ke kawo shugabancin manyan kwamitoci da ayyukan mazaɓa. Lawan yana Majalisar Tarayya tun 1999, ya wakilci Bade da Jakusko a Majalisar Wakilai har 2007, daga nan ya koma Majalisar Dattawa, ya kuma shugabance ta daga 2019 zuwa 2023. Idan wannan doguwar hidima ta amfani yankin yadda ake faɗa, babu wurin da ya fi dacewa a gwada ta irin gaban daliget, kuma babu abin da ya hana shi sayen fom ɗin naira miliyan 20 ya tsaya a gabansu. Mutanen Gashuwa sun shafe shekaru suna binne 'yan'uwansu saboda ciwon ƙoda da ya addabi yankin, iyalai suna sayar da gona da dabbobi domin kuɗin wankin ƙoda. Masunta da manoman fadamar Hadeja da Nguru suna kallon ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye wuraren su da gonakin shinkafa, a Yusufari kuma rairayi yana matsowa kan garuruwa da dausayi. Masu wannan wahala su ne ke da ikon auna ko shekara 24 ɗin da ya yi zuwa 2023 sun biya ko ba su biya ba. Suna iya cewa sun biya su sake zaɓensa, wannan hakkinsu ne, amma babu wani ofishi a Abuja da ke da hurumin amsa tambayar a madadinsu.

Ita maganar harkar cikin gida tsohuwar gawa ce da ake tonowa duk lokacin da wani babba ya shiga matsala. Asalinta shari'ar Onuoha da Okafor ce ta 1983, wadda ita ma a kan tikitin sanata aka yi ta, a jam'iyyar NPP ta Jamhuriya ta Biyu, inda Kotun Ƙoli ta ce kotu ba ta zaɓar wa jam'iyya ɗan takara. Tun daga lokacin an sauya doka sau da dama saboda an ga abin da wannan ra'ayi ya haifar. A watan Oktoban 2007 ita wannan kotu ta tuɓe Celestine Omehia ta ɗora Rotimi Amaechi a kujerar gwamnan Ribas, saboda Amaechi ne ya ci zaɓen fidda gwanin PDP aka sauya sunansa ba bisa ƙa'ida ba. Ranar 24 ga Mayu, 2019, ta soke duk ƙuri'un da APC ta samu a Zamfara, gwamna da sanatoci uku da 'yan majalisu suka rasa kujerunsu a rana ɗaya, saboda jam'iyyar ba ta yi sahihin zaɓen fidda gwani ba. Kotun da ta iya kifar da jiha sukutum a kan wannan ƙa'ida ba ta da uzurin kau da kai daga gare ta saboda wanda abin ya shafa shi ne mutum na uku a ƙasa a lokacin.

Tushen cutar ya wuce Lawan, yana komawa ne ga tsohuwar rigimar gwamnoni da 'yan majalisa a kan wanda zai mallaki jerin sunayen daliget. A ƙarshen 2021 Majalisar Tarayya ta tura wa shugaban ƙasa ƙudirin da ya wajabta zaɓen ƙato-bayan-ƙato, wato wanda kowane mai katin jam'iyya zai fito ya zaɓi ɗan takara da kansa. Gwamnoni suka tashi haiƙan, Buhari ya ƙi sa hannu a watan Disamba yana kafa hujja da tsadar zaɓen da matsalar tsaro da 'yancin jam'iyyu, majalisar kuma, wadda jama'a suka daɗe da laƙaba wa sunan 'yan amshin Shata, ba ta ko gwada amfani da ikonta na tsallake shugaban ƙasa da kashi biyu bisa uku ba. Ta janye, ta dawo da zaɓen daliget, ta ƙara da maslaha. Kowa ya san yadda ake haɗa daliget a yawancin jihohi: a gidan gwamnati ake rubuta sunaye, a kwashe mutane a motoci a ajiye su a masauki, a raba musu kuɗi da dare, da safe a faɗa musu sunan da za su rubuta. Ta wannan hanya ce Majalisar Dattawa ta zama wurin hutun tsofaffin gwamnoni, irin su Aliyu Wamakko da Danjuma Goje da Kabiru Gaya da Adamu Aliero da Tanko Al-Makura da shi kansa Abdullahi Adamu. A Yobe ta Gabas ma kujerar ba ta fita daga hannun tsohon gwamna ba daga 2007 har zuwa 2023, daga Bukar Abba Ibrahim ta faɗa hannun Ibrahim Gaidam a 2019. Abin takaicin Yobe ta Arewa shi ne ko wannan gurguwar hanya ta daliget, wadda manya suka zaɓa da kansu saboda ta fi sauƙin juyawa, ba su iya mutunta sakamakonta ba da ya zo musu a karkace.

Kuma Yobe ba ita kaɗai ba ce. Godswill Akpabio ya nemi shugabancin ƙasa, ya janye wa Tinubu a filin taro, ya koma Akwa Ibom ya karɓi tikitin sanata, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar masa a watan Janairun 2023. David Umahi na Ebonyi ya faɗi a Dandalin Eagle, ƙaninsa da ya riga ya ci tikitin Ebonyi ta Kudu ya janye masa. Wannan ita ce dabarar ɗan riƙon ƙwarya, wato a tsayar da wani ya tsare kujera har maigida ya dawo daga neman wadda ta fi ta, kuma laifin Machina a idon jam'iyyarsa shi ne ya ƙi yarda a mayar da shi haka. Gyaran da ake buƙata ba ɓoyayye ba ne: a rubuta ƙarara cewa wanda ya shiga zaɓen fidda gwanin wata kujera ba shi da damar neman wata a wannan zango, a sa rahoton jami'an Hukumar Zaɓe ya zama shi ne hujjar ƙarshe a kan wanda ya ci, a kuma hana korar ƙarar kafin zaɓe saboda hanyar shigar da ita kawai. A lokacin da aka yanke hukuncin, Majalisar Tarayya ta goma ce ake jira ta yi wannan gyara ko ta ƙi yi, kuma Lawan da Akpabio da Umahi, waɗanda a gabansu za a ajiye ƙudirin, duk sun yi nasara a zaɓen ranar 25 ga Fabrairu, 2023.