Karatun Kwamfuta Ba Wasan Waya Ba Ne

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a zaurukanmu, daga Sinja zuwa Mai Wurno har ƙauyukan Jazira, kuma lokaci ya yi da za mu tunkare ta. Yaro ya ci jarrabawar shahadar Sudan, ya zama na farko a zuri'arsu da zai taka ƙofar jami'a, ya ce kwamfuta zai karanta, sai manya su taɓe baki. Wai in ba likita zai zama ba, gara ya koma gona. Wai kwamfuta wasan waya ne na 'ya'yan Khartum. Idan yarinya ce, maganar ba ta ma kai nan ba.

Muna girmama iyayenmu. Su ne suke sayar da riɗi da dawa, su kwana a bakin kogi da koma, don a biya kuɗin rajista. Amma a wannan magana sun yi kuskure, kuma kuskuren yana da tsada.

Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno har ya kafa garinsa kusa da Sennar. Da aka kammala madatsar ruwan Sennar a 1925, hannuwansu na cikin waɗanda suka yashe magudanai, suka tsinci audugar Jazira. Sun ba ƙasar nan ƙarfinsu, amma alƙalamin da ke rubuta sunan mai gona da sunan ɗan ƙasa yana hannun wasu. Shi ya sa har yau ake tambayar jikan jikansu asalinsa idan ya je neman lambar ɗan ƙasa. Wancan alƙalami yanzu ya koma cikin kwamfuta. Wanda ya hana ɗansa koyonta ya sake miƙa alƙalamin ga wani da hannunsa.

Mu tuna Yulin 2022 a Damazin da Rusairis, da Oktoban wannan shekara a Wad al-Mahi. Ɗaruruwan rayuka sun salwanta, dubbai sun gudo, wasunsu nan jihar Sennar muka tarbe su. Kafin a zare wuƙa, an riga an zare harshe a Facebook da WhatsApp, ana kiranmu baƙi a ƙasar da muka binne kakanni. Mutum nawa muke da su da suka iya gano hoton ƙarya, su adana shaida yadda kotu za ta karɓa, su tattara sunayen mamata da na 'yan gudun hijira a rumbun da ba zai ƙone ba? Wannan aikin ilimi ne, kuma shi ne ilimin da muke kira wasa.

Sai yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023. A Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke, sai manhajar Bankak ta tsaya, kuɗin da 'yan'uwa ke turowa daga Saudiyya ya maƙale, tukwanen ciyar da jama'a suka huce. Wanda ya samu na'urar Starlink ya zama rijiyar unguwa, ana biyansa kuɗin sa'a. Daga ƙarshen Yuni zuwa 23 ga Nuwamban 2024, lokacin da Sinja take hannun Dakarun Kai Ɗaukin Gaggawa, da waya uwa take neman ɗanta tsakanin Gadarif da Damazin. Jami'o'i da dama sun koma koyarwa ta intanet; ɗalibin da ba shi da kwamfuta, nan karatunsa ya tsaya. Bayan duk wannan, wa zai dubi idonmu ya ce wasa ne?

Za a ce babu wuta, babu aiki, kuma duk wanda ya ƙware ƙasashen Larabawa zai tafi. Batun wuta gaskiya ne, sai dai farantin hasken rana da ke juya famfon lambu zai iya cajin kwamfuta. Batun tafiya kuwa, likitoci ma suna tafiya, ba mu ji an hana karatun likita ba. Bambancin ma shi ne, mai rubuta manhaja zai iya zama a Sinja ya yi wa kamfanin Riyad aiki, kuɗin ya shigo kasuwarmu.

Ku kuma 'ya'yanmu da kuka fara buɗe wannan ƙofa, muna da magana da ku. Mun san nauyin da kuke ɗauke da shi: babu yaya da zai nuna muku yadda ake cike fom, darasi da Larabci, littafi da Turanci, tunani da Hausa. Mun kuma san wasunku suna ɓoye harshensu a ɗakin kwanan ɗalibai don gudun gori. Kada ku yi. Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara tun 2013, amma Hausar da injin ya fi sani ta Nijeriya ce. Hausarmu ta bakin Nilu, da kalmominta na noma da su da ta aro daga Larabci, ba wanda zai shigar da ita sai ku. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Abin da muke nema ba ya bukatar gwamnati. Matan da ke adashe su ware zubi ɗaya a shekara don kwamfutar ɗalibin farko na unguwa, mace ko namiji. Sarakunanmu da limamai su ba da ɗaki ɗaya mai farantin rana inda yara za su koya. Kowane ɗalibin da aka taimaka, ya dawo da hutu ya koya wa biyar, ya cike musu fom ɗin jami'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk wanda ya yarda, ya kai wannan magana zauren unguwarsu kafin sakamakon jarrabawa mai zuwa ya fito.