Sharhi: Madarar Nijar na cikin harawa

Daga Maris zuwa Yuni, nonon shanu kan yi ƙaranci a kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, kamfanonin madara kuma su koma ga madarar gari da ake shigowa da ita daga ƙetare. Wannan abin takaici ne a ƙasar da ke da saniyar Azawak, wadda aka sani da yawan nono.

Matsalar ta abinci ce. Karan gero da busasshiyar ciyawa suna cika ciki, amma furotin ɗinsu kaɗan ne. Harawar wake da ta gyaɗa sun ninka su furotin, kuma saniyar da ke samun su kullum ba ta saurin ƙafewa. Saiwar waɗannan tsirrai na ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin, haka ma gawo, wanda ƴaƴansa ke ciyar da dabbobi da rani.

Nijar na sahun gaba a duniya wajen noman wake, sai dai harawa da yawa na lalacewa a kan rufin ɗaki, rana na ƙona ta, ganyen na kakkaɓewa. Wadda ta tsira kuma masu kiwon ragunan Layya ne ke saye da tsada.

Ya kamata cibiyar INRAN da hukumomin kiwo su kai wa manoma irin wake mai ba da ƙwaya da harawa tare. Matasa da ƴan ci-rani masu neman inda za su zuba jari kuwa, rumbun adana harawa a inuwa sana'a ce da ke jiran su kafin kaka ta wuce.