FILIN MATA: In Kwamfutar Gida Ta Yi Nauyi

 Zancenmu na wannan mako a kan kwamfutar gida ne, watau wadda da can tana aiki da hanzari, yanzu kuwa sai a kunna ta, a je a ɗora tukunya a dawo, ba ta gama farkawa ba.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tun shekarar 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta, saboda haka yarinyar da ke son shiga jami'a tilas hannunta ya saba da ita. Akwai kuma uwargida mai sana'a wadda ke ajiye lissafin cinikinta a ciki, ga hotunan biki da na suna. In ta yi nauyi, sai maigida ya ce ta tsufa, a jira ranar da za a sami kuɗin sabuwa. Sau da yawa kuwa ba tsufa ba ne, rashin kula ne, kuma yawancin maganin yana hannunki, ba sai kin biya ko kwabo ba.

Da fari dai sai mu san abin da ke cikinta. Ki ɗauka kwamfuta gida ce mai abu uku: rumbu, da turmi, da mai daka. Rumbun shi ne wurin da ake ajiye hotuna da takardu da manhajoji, ko an kashe ta suna nan. Turmin shi ne abin da masu gyara ke kira ram, nan ake zuba aikin da ake yi yanzu-yanzu. Mai dakan kuwa ita ce ƙwaƙwalwar da ke yin aikin. In turmi ƙarami ne, aka tara masa hatsi da yawa, sai mai daka ta riƙa kai da kawowa tsakaninsa da rumbu. In rumbun ya cika maƙil, neman abu a ciki ya zama wahala. In kuma zafi ya yi wa mai daka yawa, sai ta rage hannu don kada ta faɗi. Kusan duk nauyin kwamfuta daga ɗayan ukun nan yake.

Kafin ki taɓa kome, kwashe abin da kike tsoron rasawa. Sami filas mai kyau ko rumbun hannu, ki kwafe hotuna da takardun makaranta da lissafin kasuwa, ki adana shi a akwati. Kwamfuta ana sayen wata, amma hoton kakar yara in ya tafi ya tafi ke nan. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Sa'an nan ki bincika ko laifin nata ne. Buɗe wata takarda ko hoto da ke cikinta. In ya buɗe nan da nan, amma shafin intanet ne ke ja, to, kwamfutarki lafiya lau take, layin ne ba ƙarfi ko kuwa data ta ƙare. Kada a kai lafiyayye asibiti.

In kuwa kome da kome ja yake yi, fara da mafi sauƙi. Mata da yawa rufe murfin kawai suke yi, su bar ta mako da makonni ba ta huta ba. Ki danna inda aka rubuta Restart. Ku lura, a Windows 10 da 11 kashewa ta Shut down ba ta cika share turmin sarai, gama an shirya ta ta riƙe wani abu don ta tashi da wuri gobe. Restart ne ke zubar da kome a soma sabo. Ki riƙa yinsa ko da sau ɗaya a mako. Haka kuma 'yan makaranta masu buɗe shafi ashirin a Chrome lokaci guda, ku sani kowane shafi yana cin rabonsa a turmi. Wanda kika gama da shi, rufe shi.

Abu na biyu, baƙin da ke tashi tare da ita. Akwai manhajoji masu yawa da ke kunna kansu da zarar an kunna kwamfuta, ba wanda ya kira su. Danna maɓallan nan uku tare, Ctrl da Shift da Esc, wani allo zai fito mai suna Task Manager. Nemi inda aka rubuta Startup, za ki ga jerinsu. Wadda kika san ba ki bukatarta da sassafe, kamar ta kiɗa ko ta hira, zaɓe ta ki danna Disable. Wannan ba ya goge ta, hana ta tashi da kanta kawai yake yi. Wadda ba ki gane sunanta ba, bar ta sai kin tambayi wanda ya sani. A wannan allo kuma, a sashen Processes, akwai layuka uku, CPU da Memory da Disk, watau mai daka da turmi da rumbu ke nan. Wanda kika ga kullum yana kusa da 100 cikin 100, nan ciwon yake. Riƙe wannan a ranki, zai yi miki amfani a gaban mai gyara.

Abu na uku, sharar rumbu. Buɗe This PC ki dubi rumbun da ake kira C. In sandar ta yi ja, ya cika. Finafinan da aka riga aka kalla, da hoton da aka kwafa sau uku, da tarkacen da ke cikin Downloads, duk a mai da su filas ko a goge. Kada ki manta, abin da kika goge yana kwance a kwandon shara, watau Recycle Bin, yana cin wuri har sai kin zubar da shi. Windows tana da tsintsiyarta mai suna Disk Cleanup. Rubuta sunan a wurin nema, za ta nuna miki sharar da babu laifi a kwashe. Wasannin da yara suka zuba suka daina yi, shiga Settings, sa'an nan Apps, ki cire su. Yi ƙoƙari ki bar wajen kashi ɗaya cikin biyar na rumbun babu kome. Amma fa kada ki shiga cikin jakar da aka rubuta Windows ki ce za ki yi shara, nan ne ginshiƙin gidan.

Abu na huɗu, ƙura da zafi, kuma wannan namu ne mu mutanen ƙasar hunturu. Kwamfuta tana da 'yar fanka a ciki mai jawo iska ta wasu ƙananan ramuka. Ƙurar hunturu takan taru ta toshe su, zafin bazara ya zo ya tarar. In ƙwaƙwalwar ta ji zafi ya yi yawa, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Alamarsa ita ce fankar ta riƙa kuka ba tsayawa, gindin kwamfutar kuma ya yi zafi kamar marfin tukunya. To, daina ɗora ta kan katifa ko filo ko cinya mai zane, gama suna toshe mata numfashi. Ɗora ta kan tebur ko faranti mai faɗi. Kashe ta, zare waya, ki share ramukan da burushi mai laushi busasshe. Ban da ruwa, ban da jiƙaƙƙen tsumma. In an gama aiki ta huce, lulluɓe ta da ƙyalle mai tsabta. Sharar ciki kuwa aikin mai gyara ce, sau ɗaya a shekara bayan hunturu ya wuce ya isa.

Abu na biyar, cuta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga. Yawancin ƙwayar cutar kwamfuta ta hanya biyu take zuwa gidajenmu: filas ɗin da aka kai shagon buga takardu aka dawo da shi, da kuma manhajar sata da aka sauko da ita daga intanet. Windows 10 da 11 suna da mai gadinsu a ciki, Microsoft Defender, ba a biyan kome. Shiga Windows Security ki sa shi ya yi cikakken bincike, ki bar shi ya gama ko zai ɗauki awa biyu. Kada ki tara masu gadi biyu ko uku, sai su riƙa faɗa da juna, nauyin ya ƙaru. In kuma kina cikin intanet wani allo ya faɗo yana ihu wai kwamfutarki ta kamu, danna nan a warkar, kada ki danna. Shi ne ɓarawon da kansa.

In kin yi duk wannan ba ta sake ba, to, lokacin mai gyara ya yi, amma ki je da saninki. Tsofaffin kwamfutoci, musamman na hannu da ake kawowa daga Turai, rumbunsu faifai ne mai juyawa, yawanci sau 5400 a minti ɗaya, da 'yar allura mai bin sa tana nema. Sabon irin rumbu, wanda ake kira SSD, ba abin da ke motsi a cikinsa, saboda haka ya fi sauri nesa ba kusa ba. Sauya wannan shi ne gyaran da ya fi kowane tasiri, kuɗinsa kuwa bai kai na sabuwar kwamfuta ba. Bayansa sai ƙarin ram. Mai giga 4 tana wahala da aikin zamanin nan, giga 8 ya fi dacewa, ko da yake akwai waɗanda ram ɗinsu a manne yake, ba ya ƙaruwa. In kuwa kin ji rumbun yana ƙas-ƙas kamar agogo, kada ki jira gobe, mutuwa yake shirin yi, kwashe kayanki yau.

Ku kula da wannan ƙwarai, 'yan'uwa. Kada ki miƙa kwamfuta ga mai gyara da hotunanki na cikin ɗaki a ciki. Kwashe su tukuna, ki fita daga Facebook da WhatsApp da akwatin wasiƙunki. Je da maigida ko ɗan'uwanki, a yi ciniki kafin a kwance ko ƙusa ɗaya, a kuma ba ki tsohon rumbunki ki koma da shi gida. In ya ce sai an wanke ta duka an zuba sabuwar Windows, tambaye shi ko ya duba sauran abubuwan da muka lissafa, gama wankewa tana tafiya da duk abin da ke ciki.

Saura magana ɗaya. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 a watan Janairu na 2020, ya kuma tsai da gyaran tsaro na yau da kullum ga Windows 10 ran 14 ga Oktoba, 2025, sai ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi. Kwamfutar ba za ta mutu don haka ba, amma ƙofarta ta rage ƙarfi. Windows 11, wadda ta fito a 2021, ba kowace tsohuwar kwamfuta ke ɗaukarta ba. Saboda haka in za a sayo wa yarinya ta hannu, a tabbata tana ɗaukar Windows 11 kafin a biya. Araha ba ta ado.

'Yan makaranta, ku kuka fi iyayenku sanin maɓallan nan. Ranar Asabar mai zuwa ku zauna tare da su, ku bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, kuna yi kuna nuna musu. Wadda ta gwada, ta rubuto mana yadda ta kaya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.