Fulotin da Ba Gini a Kansa

Tun daga 1978, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, ƙasar kowace jiha ta koma amana a hannun gwamnanta. Mai sayen fili a birni izinin zama kurum yake samu, ba ya kuma jinginar da shi a banki sai gwamna ya amince. Duk da haka muna ganin 'yan'uwanmu sababbin ma'aikata suna ƙuntata wa kansu, suna tara fuloti uku ko huɗu, ciyawa na cinye su. Ran da hukuma ta soke izinin domin fitar da hanya, diyyar gini da shuka za ta biya, ba darajar filin ba. Mu dai a ganinmu, gara fuloti ɗaya mai takarda, a ɗora masa ko ɗaki biyu ne, a zuba 'yan haya.