Ajuji: Sunan Ɗan Wabi a Ƙasar Hausa

Wanda duk ya halarci sunaye a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni a 'yan shekarun nan ya san irin sunayen da ake raɗawa. Liman zai ce Muhammadu ko Abubakar, kafin rana ta yi tsaka mata a cikin gida sun lulluɓe shi da Sultan, ko Amir, ko Halifa, ko Walid. Da wuya ƙwarai a ji an kira yaro Nomau ko Cindo, balle Ajuji. Wannan na ƙarshe ya yi ƙaranci har wasu ɗalibai, idan suka gamu da shi a rubuce, sukan ɗauka sunan wata ƙabila ce ta kudancin Kaduna ko Filato, alhali kuwa Hausa ce tsantsa, ba gauraye.

Ginin sunan ba shi da wani ɓoyo. Kalmomi biyu ne aka haɗe, "a" da "juji", watau wurin zubar da shara, abin da Bakano ya fi sani yanzu da bola. Yana da 'yan'uwa masu irin wannan siga, inda ake ɗaukar jimla sukutum a mayar da ita suna: Abarshi daga "a bar shi", Ayashe daga "a yashe", Barmo mai nufin a bar wa iyaye abinsu. Akwai kuma waɗanda aka gina da ɗafin "-au", kamar Mantau da Barau. Shi Barau, ya kamata a faɗa, daga "bari" ya fito, ba ruwansa da sata. Masu sa masa ƙugiya suna cewa Ɓarau zaluntar masu sunan suke yi.

Duk waɗannan sunaye asalinsu ɗaya ne, wabi. Mace mai wabi ita ce wadda take haihuwa 'ya'yan suna mutuwa tun suna goye ko da zarar an yaye su. Bahaushen da ya ɗauka cewa ɗa guda ne yake zuwa yana komawa don ya wahal da uwarsa, ko kuwa iskoki ne da mayu suka sa wa gidan ido. Tunda abin da ake so shi ake ɗaukewa, sai aka yi dabarar nuna ba a so. Akan ɗauki jariri a kai shi juji a ajiye kamar an yar, sa'an nan wata tsohuwa ta je ta tsinto shi ta kawo wa uwar, daga ranar ya zama Ajuji. A wasu wuraren mace ma akan kira ta da shi. Wasu gidajen sukan ƙara da ba da yaron riƙo, ko su yi masa zanen da ba na gidan ba, ko su kira shi Bawa, duk don mutuwa ta zo ta rasa gane shi, ko ta gan shi ta raina.

To, mai karatu ya lura da abin da ke ƙarƙashin wannan. Ba a taɓa kai ɗan da aka ƙi juji ba. Wanda aka kai shi ne wanda uwa ta binne yayyensa biyu ko uku, ta ƙi barci saboda shi, ta yarda duniya ta kira shi shara muddin zai rayu. A cikin sunayen Hausa kaf babu wanda zahirinsa ya kai wannan muni, kuma da wuya a sami wanda ya kai shi nuna ƙauna. Gambo yana faɗin cewa tagwaye aka bi, Tanko cewa mata aka bi, Ɗanjuma ranar haihuwa kawai. Ajuji kuwa tarihin uwa yake ɗauke da shi, da adadin kaburburan da ta bari a baya.

Ba Hausawa kaɗai suka yi wannan tunani ba. Yarabawa suna kiran irin wannan yaro abiku, suna sa masa Malomo, watau kada ka sake tafiya, ko Kosoko, watau babu fartanyar haƙa kabari. Ibo suna cewa ogbanje, kuma Chinua Achebe ya kawo labarin irinsa cikin littafinsa na 1958. Mutanen Akan na Gana suna da Donko, mai ma'anar bawa, daidai da Bawa na Hausa. A Sanagal, marubuciya Mariyatu Mbaye ta zaɓi Ken Bugul ya zama sunanta na alƙalami, suna ne na Wolof da ake ba ɗan wabi, ma'anarsa ba mai so. Ashe dai inda duk mutuwar yara ta yawaita, iyaye sukan faɗa kan dabara iri ɗaya ko da ba su taɓa jin labarin juna ba.

Haka kuma sunayen ba su hana masu su girma ba. Bawa Jangwarzo ya mulki Gobir a ƙarshen ƙarni na 18. Abdullahi Abarshi ya yi sarautar Yawuri. Sulaimanu Barau ya yi sarautar Abuja ta asali daga 1944 zuwa 1979, kuma daga sunansa aka samo Suleja. Dakta Barau Dikko, likitan farko daga Arewa, yana da asibiti mai sunansa a Kaduna. Ba a nan ake cewa kowane ɗayansu ɗan wabi ne ba, domin suna yakan bi gida ta hanyar takwara bayan an manta dalilinsa na farko. Abin lura shi ne Bawa da Barau sun tsira, har gobe ana jin su, don ma'anarsu tana karɓar fassara mai daɗi: Bawa ya zama bawan Allah. Ajuji bai sami wannan mafaka ba. Juji dai juji ne.

Masu ƙin sunan suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Musulunci ya hori iyaye da kyautata suna. Ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya canza wa wasu sahabbai sunaye marasa kyawun ma'ana, kamar yadda ya nemi mayar da Hazanu, mai nufin tsanani, zuwa Sahalu, mai nufin sauƙi. Bayan haka, zaton cewa za a ɓoye wa mutuwa yaro a kan bola ya saɓa wa imani da ajali. Shi ya sa ko a da, a gidajen Musulmi, Ajuji laƙabi ne da kakanni mata suke sawa, sunan yanka yana gefe. Ga kuma yaron kansa, wanda za a kira sunansa kowace safiya a gaban 'yan ajinsu. Babu mai hankalin da zai ce a koma kai jarirai juji, ko a tilasta wa ɗan wannan zamani ɗaukar sunan da zai zame masa abin tsokana.

Amma barin raɗa suna daban, jin kunyarsa daban. Akan sami mai digiri da sunan kakansa Ajuji ko Abarshi, ya taƙaita shi zuwa harafi ɗaya a takardunsa, ko ya share shi ɗungurungum, kamar wanda ke ɓoye abin fallasa. Wannan kuskure ne. Kakar da ta sa sunan ba ta da asibiti, ba ta da allurar rigakafi, ba ta san abin da ke kashe mata 'ya'ya ba. Ta yi amfani da abin da ke hannunta. Jikan da ya yi karatu shi ya fi cancanta ya fahimce ta. Abin mamaki, sau da yawa mai gudun Ajuji don muninsa shi ne zai tsinci wata kalma a fim ko a intanet ya liƙa wa ɗansa, a tambaye shi ma'anarta ya yi shiru. Ita tsohuwar ko ba komai ta san abin da take faɗa.

Babban abin tsoro ma shi ne a ɗauka ɓacewar sunan alama ce ta ɓacewar wabi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a Nijeriya, 132 ba sa kai shekara biyar, kuma Arewa maso Yamma ta ɗara wannan adadi. Abin da aka jingina wa iskoki yanzu an san sunayensa: zazzaɓin cizon sauro, ƙyanda, gudawa, tamowa, cutar da ke shiga ta cibiya idan an yanke ta da reza marar tsabta, da kwanika mai sa a yaye yaro ba shiri. Sai kuma sikila, wadda ta fi kowace kama da wabi, domin gida ɗaya take bi tana maimaitawa. Idan uwa da uba duka AS ne, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa jarirai wajen 150,000 ake haifa da ita a Nijeriya kowace shekara. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yana nan kan titin Zariya, maƙwabcin Gyaɗi-Gyaɗi. Mai shakka ya leƙa ɓangaren yara ya ga iyayen da a zamanin da za a ce masu wabi ne. A 2024 gwamnatin Kano ta sa hannu kan dokar gwajin lafiya kafin aure, har da gwajin jinin da ke nuna sikila. Abin da tafiya juji ta nema ta kasa, wannan gwaji yana iya yin wani ɓangare nasa, idan waliyyai da limamai suka tsaya a kansa.

Saura aikin Sashen Hausa. Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, da maƙwabtansu irin su Darmanawa da Unguwa Uku, wurare ne na bayan ganuwa da birni ya haɗiye, kuma sun tara mutane daga ƙauyukan Kano da wasu ƙasashen Hausa. A cikinsu akwai tsofaffi mata da suka ga an yi abin da idonsu: wa yake kai jaririn, wa yake tsintowa, me ake ba ta, me ake faɗa a wurin, kuma yaya al'adar Kano ta bambanta da ta Katsina ko Gobir. Ɗalibin da ke neman kan kundin digiri ba ya bukatar kuɗin mota mai yawa. Daga tsohuwar harabar Jami'ar Bayero zuwa Tarauni tafiyar Adaidaita Sahu ce. Tsofaffin kuwa yawancinsu sun haura saba'in.