Almakashin da muke roƙo, wa zai riƙe shi?

A zaman iyaye da muka yi bayan sallar Juma'a, an sake ta da maganar da ba ta tsufa, cewa hukuma ta sa almakashi ta datse batsa daga telebijin da radiyo. Muna tare da masu wannan kuka, domin babu uban da zai so ya zauna cin tuwo da 'ya'yansa mata akwati yana nuna abin da zai sa kowa ya sunkuyar da kai. Sai dai akwai tambayar da muke tsallakewa: mene ne batsa a bakin doka, kuma wa zai fassara ta?

Malamanmu na fiƙihu ba su bar irin wannan a dunƙule ba. Sun faɗi iyakar al'aura, daga ina zuwa ina. Sun ce zargin zina sai da shaidu 4, wanda ya kasa kawo su kuma shi ke shan bulala 80. Ba don sauƙaƙa wa fasiƙi aka yi haka ba, an yi ne don kada mai iko ya hukunta wanda ya ƙi jini da sunan tarbiyya.

A Nuwamban 2000 jama'a sun fito a Yamai da Maraɗi suna ƙin bikin nunin tufafi na FIMA. An yi ƙone-ƙone, abin da ba mu yarda da shi ba ko a lokacin. Bikin ya gudana, ƙungiyoyin Musulunci da dama ne gwamnati ta rushe. A 2007 kuma CSC, hukumar sadarwa ta wancan zamani, ta dakatar da RFI tsawon wata guda. Ba tsiraici ta nuna ba, labarin tawayen arewa ta bayar. A shekarar nan aka tsare ɗan jarida Musa Kaka, bai fito ba sai a Oktoban 2008.

Maƙwabtanmu na Kano sun kafa hukumar tace fina-finai a 2001, kuma ta yi aikin da iyaye da yawa suka yaba. Amma a ƙarshen 2008 an ɗaure mai shirya fim Hamisu Iyan-Tama, wanda ya taɓa neman kujerar gwamna, bisa zargin rashin rajista da sakin fim ba izini. Kotun sama ta soke hukuncin daga baya, bayan ya riga ya sha kurkuku.

Saboda haka in za mu kai takarda ga hukuma, kada mu rubuta "a hana abin da ya saɓa wa al'ada" mu tsaya nan. Kalma mai faɗi haka tana iya haɗiye wa'azin limamin da ya taɓo cin hanci. Mu rubuta wane hoto, wace kalma, daga ƙarfe nawa zuwa nawa, sa'annan wanda aka hukunta ya san kotun da zai kai ƙara. Kwamitin iyaye zai zauna kan daftarin ranar Asabar bayan la'asar, mata su ma su zo.